Fararen Kaya a Ranar Wanka

Kun gani. Kada ma ku fara cewa ba ku gani ba. Duk shekara hoton yana shigowa wayoyinku: yarinya cikin farar riga tana gudu, samari goma a bayanta da bokitai, mai ɗaukar hoton yana dariya har hannunsa na rawa. Wasunku sun ƙyalƙyale sun tura wa abokai. Wasunku sun yi tsaki sun wuce labarin ƙwallo. Waɗanda suka fi kowa laifi su ne waɗanda suka yi karatun, suka san abin da ake zubawa a cikin bokitan nan, suka ɗaga kafaɗa suka ce ai al'adar ɗalibai ce. To ku zauna ku ji abin da kau da kanku ya jawo wa wata yarinya a Akurba.

Malama Dooshima ce ke koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Akurba, nan gefen garin Lafia. Shekararta shida da gama jami'a. A cikin ajin da ta yaye bana akwai Mutmainna, doguwar yarinya marar hayaniya, wadda ta ci jarrabawar shiga jami'a da makin da makarantar ba ta taɓa gani ba. An ba ta gurbin karatun haɗa magunguna a jami'ar da Dooshima ta yi, a wani tsohon gari mai ganuwa, tafiyar awa uku daga Lafia. Saura sati uku a rufe rajista. Abu ɗaya ya rage, wato mahaifinta ya yarda.

Malam Lawal tela ne a kasuwa, kuma ba maƙiyin boko ba ne. Shi yake ɗaukar Mutmainna a bayan babur ya kai ta darasin yamma, ya dawo ya ɗauko ta. Sai dai bai taɓa taka cikin jami'a ba, labarin da yake ji a bakin masu kawo ɗinki kuwa ba mai daɗi ba ne. Sau uku Dooshima tana zuwa shagonsa.

"Malama, ni ban ce a'a ba," in ji shi a zuwa na uku, almakashi a hannu. "Amma ko yadi ba na yankawa sai na shimfiɗa shi na duba. In ga wurin da idona tukuna."

"Za ka gani, Baban Mutmainna. Wurin lafiya lau ne. Ni shekara huɗu na yi a can, ga ni a gabanka."

A daren ranar ta tsara tafiyar. Yara goma sha huɗu, mota ɗaya, a tafi da safe a dawo kafin magariba, Malam Lawal a kujerar gaba.

Akwai abin da ya taɓa faruwa da ita. A wata tafiya ta baya yaro ya ɓace mata awa biyu a cikin kasuwa, saboda koren yunifom ɗinsu iri ɗaya ne da na makarantu uku. Don haka wannan karon ta ce kowa ya sa fari. Maza farar riga, mata farar riga ko farin hijabi, yadda ko daga nesa za ta hango nata ta ƙirga. Malam Lawal da kansa ya ɗinka hijaban guda shida, ya ce kyauta ce. Na Mutmainna ya yi masa ɗan ado da farin zare a baki.

Ta zaɓi Alhamis domin ranar ce motar Ortese, direban da zai kai su, ba ta da lodin doya. Ba ta kira kowa a jami'ar ta tambayi me ake ciki ba. A zamaninta 'yan ajin ƙarshe sai ƙarshen shekara suke gama jarrabawa, bai kuma zo mata a rai ba cewa yajin aiki biyu sun birkita kalandar tun bayan fitarta.

Ƙarfe bakwai suka bar Akurba. Ortese mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, duk da Hausarsa ta koyo ce, tun kafin su fita gari ya fara tsokanar baƙonsa.

"Malam tela, yau in ka ga jami'a, gobe za ka ce kai ma a saya maka fom."

"In na shiga, motar nan zan fara karanta," in ji Malam Lawal. "In gano abin da ya sa take tari kamar tsohon da ya sha taba shekara arba'in."

"Mota na ba ya tari. Yana gaisuwa ne."

"To ka ce mata mun amsa, ta huta haka."

Yara suka kwashe da dariya. Dooshima ta waiga ta ga Mutmainna tana murmushi a kujerar baya, ta ji zuciyarta ta yi sanyi.

Garin ya karɓe su da kyau. Suka shiga ta tsohuwar ƙofa, wadda motar Ortese ta wuce da ƙyar, suka tsaya a marina yara suka leƙa rijiyoyin baba, Malam Lawal ya tsaya ciniki da wani tsohon marini kan yadin da bai yi niyyar saya ba. Daga nan suka shiga jami'a. Dooshima ta nuna musu tsohon ɗakin karatu mai hasumiyar agogo, ta kai su gindin wata babbar tsamiya da rassanta ke cike da biro, ɗaruruwa, kowanne a ɗaure da zare yana lilo.

"Wannan fa?" in ji Malam Lawal.

"Duk wanda bironsa ya ƙare a cikin jarrabawa, nan yake kawo shi ya ɗaure. Wai don kada abin da ya rubuta ya bi iska. Nawa ma yana can sama."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. "Yara dai," ya ce, yana dariya ƙasa-ƙasa.

A ɗakin gwaje-gwaje na sashen haɗa magunguna wani dattijon ma'aikaci ya bar su suka leƙa madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Da layi ya zo kan Malam Lawal sai ya zaro zare ɗaya daga bakin hannun rigarsa ya ce a sa masa. Ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa.

"Ikon Allah," ya ce. "Shekara talatin ina aiki da zare, ashe igiya ce." Ya ɗago ya dubi 'yarsa. "Mutmainna, a nan za ki riƙa zama?"

"A nan, Baba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Dooshima ta san irin wannan gyaɗa kan. A ranta ta ce an gama.

Ƙarfe sha biyu da 'yan mintuna suka fito za su koma mota su ci abinci. Tsakaninsu da inda Ortese ya ajiye motar akwai wani babban fili a gaban zauren jarrabawa. Sun kai tsakiyarsa ke nan Dooshima ta ji usur. Sai wani usur ɗin ya amsa daga can gefe. Sai kiɗan bokitai, ana dukan gindinsu da sanda.

Ƙafafunta suka gane sautin kafin kanta ya gane. Ta tsaya cak. Ta dubi gefen filin, ta ga abin da ya kamata ta lura da shi tun shigowarsu: samari da 'yan mata a tsaitsaye rukuni-rukuni, kowa da bokiti ko jarka a gabansa. Ƙofofin zauren suka buɗe, mutane suka ɓarko waje suna ihu, kuma kowannensu fari ya sa.

Ranar wanka ce.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Ranar da 'yan ajin ƙarshe suka rubuta takardarsu ta ƙarshe, fari suke sawa. Abokai su zo da manyan alƙaluma masu tawada su yi musu rubutu a jikin rigar, suna da addu'a da zolaya. Bayan nan sai 'yan ƙananan azuzuwa su yi musu wanka. Da can da ruwan leda ake yi. Kafin zamanin Dooshima an koma ruwan kwata, da ruɓaɓɓen ƙwai, da jiƙaƙƙen garin rogo, da baƙin man da aka juye daga injin janareta. Doka ɗaya ce: duk wanda ya sa fari a ranar ya yarda ke nan. In ya ce a'a, ai kowa ma a'a yake cewa. In ya gudu, abin ya fi daɗi.

Dooshima ta juya ta dubi yaranta goma sha huɗu, farare tas kamar an wanke su a rana.

"Ku gudu!" ta ce. "Mota! Ku gudu mota!"

Wannan shi ne kuskurenta na biyu, domin a filin nan babu abin da ke jawo bokiti kamar farin da ke gudu.

Ƙananan suka tsira. Duk wanda ya dube su ya san yara ne, sai dai aka bi su da ihu da 'yan ledojin ruwa. Dooshima ta tsaya a bakin mota tana tura su ciki tana ƙirgawa. Sha ɗaya, sha biyu, sha uku. Ta sake ƙirgawa. Sha uku.

Mutmainna ta tsaya yi wa dattijon ɗakin gwaje-gwajen tambaya, shi ya sa ita da mahaifinta suke can baya. Ga ta doguwa, hijabinta sabo fil, babu ɗigon tawada ko ɗaya a jikinsa. A idon mutanen filin, 'yar ajin ƙarshe ce da ba a fara taɓawa ba, ga kuma babanta ya zo taya ta murna.

"Ga sabuwa! Ga sabuwa nan!"

Kafin Dooshima ta ɗaga ƙafa sun kewaye ta. Wasu suka riƙe hannuwanta, wasu suka ja hijabin suka miƙe shi don rubutu ya zauna. Wani yana rubutu a baya, wata a kafaɗa, wani ya zagayo ta gaba ya kai hannu inda bai kamata hannun kowa ya kai ba. Mutmainna tana cewa, "Don Allah ku bari, ni ba 'yar nan ba ce, don Allah," suna amsa mata da waƙa.

Malam Lawal ya yi kukan kura zai shiga, samari huɗu suka tare shi. Ba da faɗa ba. Rungume shi suka yi.

"Baba, barka! Baba ya yi ƙoƙari!"

"Ku sake ni! 'Yata ce!"

"Mun sani, Baba, Allah ya sa albarka! A ɗaga Baba!"

Suka ɗaga shi sama, dattijo mai shekara hamsin da biyar, hularsa ta faɗi aka tattake. Yana dukan kawunansu suna dariya, sun ɗauka murna ce ta yi masa yawa. Wani ya cusa masa alƙalami a hannu yana cewa, "Baba, kai ma sa hannu, kai ka biya kuɗin makaranta!" Daga can saman kafaɗunsu ya ga bokitin farko ya tashi. Ruwan baƙi ne, mai kauri. Ya sauka a kan Mutmainna tun daga tsakar ka.

"Baba!" ta ce. "Baba, idona!"

Dooshima tana tsaye a bakin mota, kuma sai an faɗi gaskiya, ta yi daƙiƙu ba ta motsa ba. Ba tsoro ne ya riƙe ta ba. Hannuwanta ne suka tuna. Shekara bakwai da suka wuce, a wannan filin, ita ce ta riƙe hannun wata Mwuese 'yar ɗakinsu, wadda ke kuka tana cewa tana da ciwon kunne kada a zuba mata. Dooshima ta riƙe ta gam tana dariya har aka juye bokiti uku. Da shekara ta zagayo aka yi mata nata, ta yi wanka da kalanzir, ta sa hoton a waya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran abin da wani suna ba sai wasa.

"Malama!" Ortese ya daka mata tsawa daga cikin mota. "Kina kallo ne? Yarinya yana mutuwa a can!"

Sai ta ruga. Tana gudu tana ihu da Hausa da Turanci da Tibi, duk wanda ya zo bakinta. Ta wuce masu gadi biyu a gindin bishiya suna shan rake. Ta kama hannun ɗaya ta nuna masa, ya ce, "Madam, yau ranarsu ne, mu ba ruwanmu." Wata mota ta ratso gefen filin, babban malami ne a ciki da tabarau, ya dubi taron, ya ɗaga gilashinsa don kada a fantsama masa, ya wuce. Ko'ina wayoyi ne a sama. Mutum ya fi ɗari a wurin, babu hannu ɗaya da ya sauko.

Ta kutsa cikin taron, aka watsa mata ƙwai a wuya, wani ya ce, "Anti ma tana so!" Muryarta ta ɓace a cikin kiɗan bokitai. Bokiti na biyu ya sauka, na uku yana hanya. Mutmainna ta durƙushe a ƙasa ta rufe fuska, ta daina magana.

Wadda ta tsayar da abin wata 'yar ajin ƙarshe ce, ita ma jiƙe sharkaf da baƙin mai, ana kiranta Muhibbat. Ita ce ta dubi ƙasa.

"Ku tsaya! Kai, ku tsaya, mahaukata! Ku dubi ƙafarta!" Ta fizge bokitin daga hannun mai shi ta yar. "Farar safa da sandal! 'Yar sakandare ce!"

Kiɗan ya mutu daga tsakiya, ya bi ya mutu har gefe. Aka sauke Malam Lawal. Ya jefar da alƙalamin, ya tuɓe babbar rigarsa, ya rufe 'yarsa da ita tun daga kai, ya durƙusa a cikin ruwan kwatan ya riƙe ta.

Wani dogon saurayi, wanda da alama shi ne jagoran masu bokitan, ya matso yana sosa ƙeya. Da gaske kunya ta kama shi. Ya rusuna.

"Baba, don Allah a yi haƙuri. Wallahi kuskure ne. Mun ɗauka 'yar ajin ƙarshe ce."

Malam Lawal ya ɗago a hankali. "Me ka ce?"

"Mun ɗauka ta gama ne, Baba. Da mun san ba ta gama ba, wallahi babu mai taɓa ta."

"Da ta gama fa?"

Saurayin ya dubi abokansa, kamar an yi masa tambayar da ba ta cikin darasi. "To, ai da ta gama shi ke nan, Baba. Ranarta ce."

"Ko ta ce ba ta so?"

"Ai kowa haka yake cewa."

Dooshima ta ga fuskar Malam Lawal a lokacin, ta kuma gane cewa ba bokitan ne suka fi yi masa ciwo ba. Ban haƙurin ne. Yaron nan mai ladabi ya gaya masa, da zuciya ɗaya, cewa laifinsu kawai shi ne sun yi sauri da shekara biyar.

Muhibbat ta kai Mutmainna ɗakin kwanan mata, Dooshima na biye. Sun fi awa ɗaya a bakin famfo. Garin sabulu bai fitar da man ba sai da aka haɗa da kalanzir, idon hagu kuwa ya yi ja ya kumbura, ruwa kawai suke ta zuba masa. Hijabin ba a ma yi maganar wanke shi ba. Muhibbat ta ba ta doguwar riga da mayafi daga cikin kayanta.

"Ni riga uku na sa yau," in ji Muhibbat, tana tsefe mata gashi. "Na hana iyayena zuwa, na ce musu an ɗage. Ƙawata ta ƙi sa fari, ta kulle kanta a ɗaki, suka bi ta har can suka fito da ita. Anti, ke a nan kika yi?"

"A nan."

"To ai kin sani."

Dooshima ta ci gaba da zuba wa idon ruwa.

Kafin su tafi Malam Lawal ya ce sai an kai ƙara. Suka je ofishin tsaro, shi da singileti da wando, ƙafarsa duk baƙin mai. Jami'in da ke kan tebur ya saurare su har ƙarshe, yana juya biro a hannu. Sannan ya dubi Dooshima.

"Madam, ke tsohuwar ɗaliba ce, kin ce?"

"E."

"To wa ya ce ki sa musu fari yau?"

Ko takarda bai ɗauko ba.

A hanyar dawowa babu wanda ya taɓa abincin da aka zo da shi. Ortese ya kashe rediyo, motar tana tarinta babu mai tanka mata. Mutmainna ta kwantar da kai a jikin taga, tsumma mai ruwa a kan ido. Sai da suka yi fiye da rabin hanya Malam Lawal ya yi magana, bai kuma waigo ba.

"Malama."

"Na'am, Baba."

"Ke ma an yi miki wannan?"

"An yi min."

"Kin yi wa wasu?"

Yara goma sha huɗu suna saurare. Dooshima ta ce, "Na yi."

"Kika zo shagona sau uku kika ce min wurin lafiya lau ne."

"Na manta da shi ne, Baba. Wallahi ban tuna ba sai da na ji usur."

"A'a, Malama. Mutum ba ya manta irin wannan. Ba ki ɗauke shi a bakin komai ba ne." Sannan ya ƙara, "Ban ce ke muguwa ba ce. Su ma yaran can ba mugaye ba ne, na ga idonsu. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro."

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka shigo Akurba. Aka sauke yara ɗaya bayan ɗaya, iyaye suna tambayar me ya sami rigunan, Dooshima tana cewa gobe za ta yi bayani. A ƙofar gidan Malam Lawal ta sauko tare da su. Mutmainna ce ta riga ta magana. Tun filin nan ba ta buɗe baki ba sai yanzu.

"Baba, rana ɗaya ce," ta ce, muryarta a dushe. "Rana ɗaya a shekara biyar. Zan jure. In ta zo zan sa riga uku kamar yadda Anti Muhibbat ta yi. Don Allah, Baba."

Dooshima ta ji kamar an mare ta. Yarinyar da ta fi kowa ƙwaƙwalwa a ajinta, ido a kumbure, tana tsara yadda za ta jure a wulaƙanta ta, tun ba ta shiga ba.

Malam Lawal ya dubi 'yarsa ya daɗe. "Kina kirana ina jinki," ya ce. "Suna riƙe da ni a sama kamar buhu, ina jinki. Yau ina wurin ma ke nan." Ya juya wajen Dooshima. "Ba zan sa hannu ba, Malama. Ranar da wani mai iko a makarantar can ya rubuta, ya buga hatimi, cewa wadda ta ce a'a ba za a taɓa ta ba, kuma wanda ya taɓa ta zai bar makarantar, ni da kaina zan kai ta. Kafin nan tana gida."

Ya kama hannunta suka shiga. Mutmainna ba ta yi kuka ba sai da aka rufe ƙofa, Dooshima kuwa tana tsaye a waje ta ji.

Washegari ta rubuta wa shugaban sashen kula da ɗalibai. Da sati ya zagayo babu amsa, ta hau mota ta koma da kanta. Aka ce mata yara ne, shekara da shekaru ana yi babu wanda ya mutu, in da gaske akwai masu ƙorafi ta kawo su a gani, mutum ɗaya ba ya sa a taɓa al'ada. Ta dawo ta rubuta komai a zauren tsofaffin ɗalibai na waya, inda suke su ɗari biyu da sittin, likitoci da lauyoyi da malaman makaranta da masu wa'azi a coci da masallaci. Ta faɗi abin da aka yi wa Mutmainna, ta faɗi abin da ita ta yi wa Mwuese, ta roƙi kowa ya ba da sunansa. Mutum huɗu suka bayar. Wani ya ce ta cika zafi. Wata ta ce ai da ba a yi wankan ba da karatun bai yi armashi ba. Sauran suka karanta suka yi shiru, da yamma aka koma maganar kuɗin liyafar ƙarshen shekara.

Saura kwana tara a rufe rajista. Mutmainna tana shagon babanta tana sa maɓalli. Idon ya sace, amma har yanzu ba ta iya kallon fitila.

Kada ku ce mini laifin Malam Lawal ne. Uba ne da ya ga abu da idonsa, aka kuma tabbatar masa cewa za a maimaita. Kada ku ce laifin Dooshima ne ita kaɗai, ita ta riga ta amsa nata a gaban ɗalibanta. Saura ku. Kai da ka yi jami'a, ko kwaleji, ko wace ce, ka san ranar da ake yin wannan a makarantarku, ka san sunan ofishin da ke da ikon hanawa. Ke da ƙaninki ke cika jarka a bayan ɗakin janareta, kin san lambarsa. Ku ɗauki takarda yau, ba gobe ba. Ku rubuta cewa a yi murna, a yi rubutu a rigar wanda ya miƙo rigarsa, amma wanda ya ce a'a a sake shi, wanda ya ƙi saki a kore shi. Ku sa cikakken sunanku da shekarar da kuka gama, ku kai da ƙafarku, kada ku bar ofishin sai an karɓa an buga hatimi. In ranar ta zo kuma, ku je filin ku tsaya kusa da masu bokiti, hannuwanku a sake, ba waya, a shirye ku hana.